Kirsimeti a ƙasar Matamaye: Yadda talakan Kirista ke bayyana addininsa a tsakiyar maƙwabta Musulmi

A ƙarshen watan Disamba, sanyin hunturu da ƙura kan lulluɓe ƙauyukan ƙaramar hukumar Kurni da ke yankin Matamaye, a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, masu fadama sun koma kan rake da kayan lambu. Samari da dama kuma sun ɗauki jaka sun tafi cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas, Libiya ko Aljeriya.

Ranar 25 ga watan hutu ce a duk faɗin ƙasar, ofisoshin gwamnati a rufe, 'yan makaranta suna gida. Sai dai ga akasarin mutanen wannan yanki, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne, rana ce kamar kowace: a je gona, a je kasuwa, a zauna a fada ana shan shayi ana sauraron rediyo.

A irin wannan karkara, Kirista yawanci ɗaiɗai ne. Ko malamin makaranta ne da aka turo daga wata jiha, ko ma'aikaciyar gidan likita, ko jandarma, ko ɗan kasuwa, ko kuma Bahaushe ɗan ƙasa da iyayensa suka tashi a hannun 'yan mishan. Ga shi dai ranar babbar sallarsa ta zo, ranar da yake tuna haihuwar Yesu Almasihu, kuma addininsa ya hore shi da ya sanar da wasu wannan labari.

Ta yaya zai yi hakan a garin da ladan ne ke tashin kowa da asuba, ba tare da ya ɓata zaman da ke tsakaninsa da maƙwabtansa ba, ba kuma tare da ya ɓoye abin da ya yi imani da shi ba?

'Yan tsiraru masu dogon tarihi

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa sama da kashi 99 cikin 100 na al'ummar Nijar Musulmi ne, Kirista kuwa ba su kai ko kashi ɗaya ba. Galibinsu suna Yamai da wasu garuruwan yammacin ƙasar, sai kuma Maraɗi da birnin Damagaram.

Duk da ƙarancinsu, sun daɗe a ƙasar Hausa ta Nijar. Ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka a Damagaram tun 1924, lokacin birnin yana hedikwatar mulkin mallakar Faransa, kafin a mayar da hedikwatar Yamai a 1926. Daga baya 'yan mishan ɗin suka kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa a 1950, sannan cibiyar kula da kutare ta Danja. Daga cikin wannan aiki ne aka samu majami'ar EERN a farkon shekarun 1960, wadda Hausawa ke da yawa a cikinta.

Su kuma 'yan Katolika sun fara aiki a Yamai a 1931, kuma tun shekarar 2001 jihar Damagaram take ƙarƙashin bishop na Maraɗi.

Wani abu da ke sauƙaƙa wa Kiristan wannan yanki shi ne harshe. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka rawa sosai a cikinsa. A cikin wannan fassara, sunan Ubangiji Allah ne, ana kiran ibada sujada, ana cewa annabawa, mala'iku, aljanna da ranar shari'a. Ke nan idan Kirista Bahaushe ya buɗe baki zai yi magana kan addininsa, kalmomin da zai yi amfani da su ba baƙi ba ne a kunnen maƙwabcinsa.

Malamar tarihi 'yar Amurka, Barbara Cooper, ta rubuta littafi guda a 2006 kan waɗannan Kirista na yankin Maraɗi, inda ta bibiyi yadda suka gina rayuwarsu da addininsu a tsakiyar al'ummar Musulmi.

Tabon da bai gama warkewa ba

Duk wanda zai yi maganar wa'azin Kirista a jihar Damagaram, dole ya tuna ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015.

A ranar, bayan saukowa daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi Muhammad (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta wallafa ta rikiɗe ta zama tarzoma. An ƙona majami'u, da makarantar mishan, da shaguna da gidajen Kirista, da cibiyar al'adun Faransa. Ɗaruruwan Kirista suka nemi mafaka a barikin soja.

Washegari wutar ta kama a Yamai, inda 'yan sanda suka ce an ƙona majami'u 45. Mutum 10 ne suka rasa rayukansu a biranen biyu, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, wanda halartarsa gangamin birnin Paris ta harzuƙa mutane da yawa, ya fito ya yi tir da masu ƙone-ƙonen, yana mai cewa ba su fahimci Musulunci ba.

Kafin wannan, a watan Satumban 2012, an kai wa cocin Katolika na Damagaram hari saboda wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka. A watan Yunin 2019 kuma aka ƙona wani coci a unguwar Zariya ta Maraɗi, bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada. Majalisar dokoki ta amince da dokar a cikin watan, kuma ta ƙunshi sharaɗin neman izinin hukuma kafin buɗe wurin ibada.

A dukkan waɗannan lokuta, babu hannun Kiristan Nijar a abin da ya jawo fushin, amma shi ya kwana a ciki. Wannan ya sa da yawa daga cikinsu suka ƙara takatsantsan da duk wani abu da zai yi kama da tsokana.

Sai dai akwai ɗaya gefen labarin. Rahotannin wancan lokaci sun nuna cewa a Damagaram da Yamai, an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin gidajensu, wasu suka tsaya a ƙofar gida suka hana a shiga. Waɗanda suka yi hakan sun yi ne don mutanen da suka sani, waɗanda suka ci tare, suka yi wa juna gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Daga nan ne ake fahimtar dalilin da ya sa kwanon abincin Kirsimeti yake da nauyi fiye da yadda ake ganinsa.

Kwanon da ke zagaya unguwa

A ƙasar Hausa, salla ba ta cika sai an fitar da abinci. Ranar ƙaramar salla yara kan yi ta zirga-zirga da kwanonin tuwo da shinkafa, bayan layya kuma a rarraba nama gida-gida. Kiristan da ke zaune a cikin unguwa yakan samu rabonsa, domin haƙƙin maƙwabtaka a Musulunci bai ware wanda ba Musulmi ba.

Kirsimeti ita ce ranar ramawa. Uwargida ta dafa shinkafa da miya, ko taliya, a soya kaji ko naman akuya, a yi cincin, a zuba a kwanoni a ba yara su kai wa mai gari, da liman, da mai shagon bakin titi, da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai.

A nan ne ake gane wanda ya san mutanen da yake zaune da su. Abin da ya fi damun Musulmi game da abincin Kirista shi ne yanka. Aya ta 5 a cikin Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, amma mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya sai sun san wanda ya riƙe wuƙar. Shi ya sa ya zama al'ada a garuruwa da dama na Nijar da arewacin Najeriya, Kirista ya kira mahauci ko wani maƙwabci Musulmi ya yanka masa dabbar, a gaban mutane, don kowa ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba.

Haka nan batun giya da naman alade. Majami'un bishara da suka samo asali daga SIM sun daɗe suna hana mabiyansu shan giya, amma a idon mutumin karkara, sau da yawa ana haɗa bikin Kirsimeti da shaye-shaye da kiɗan dare saboda abin da ake gani a mashayun birane. Gidan da ya yi bikinsa cikin natsuwa, ya ajiye tukunya da kwanoni masu tsabta, ya riga ya gyara wani ɓangare na wannan kallo tun kafin ya furta kalma ɗaya.

Akwai kuma ladabin bayarwa. Idan aka kai kwano wani gida aka dawo da shi, ko aka karɓa aka ba almajirai, babu dalilin fushi ko gori. Mai gidan yana bin abin da ya fahimta ne daga addininsa, kamar yadda shi ma Kiristan ke bin nasa. Gaisuwar safe ta gobe ita za ta nuna ko kyautar don Allah aka yi ta.

Idan aka yi tambaya

Kwano yakan jawo magana. Yaro zai tambayi abokinsa, mace za ta tambayi maƙwabciyarta a bakin rijiya ko wurin niƙa, abokin aiki zai tambaya a ofis: wai wace salla ce wannan kuke yi?

Wannan tambaya ita ce ƙofar da talakan Kirista yake da ita, kuma ba ta buƙatar digirin tauhidi. Labarin yana cikin surori biyu na farko na Linjilar Matiyu da ta Luka: albishir ɗin da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, tafiyarta da Yusufu zuwa Baitalami saboda ƙidaya, rashin masauki, haihuwa a wurin dabbobi, da makiyayan da ke kwana a daji da garkensu waɗanda su aka fara sanar wa.

Labari ne da ba ya wa mutumin Kurni wuyar ganewa. Ya san makiyayi, ya san turke da sakarkari, ya san abin da ake nufi da mace mai tsohon ciki ta yi doguwar tafiya, ya kuma san baƙon da ya shiga gari bai samu wurin kwana ba.

Bugu da ƙari, maƙwabcin Musulmi yana da nasa sanin. Alƙur'ani yana da sura guda mai sunan Maryam, ita ce ta 19, kuma Suratu Ali Imrana ma ta kawo labarin haihuwar Annabi Isa (AS) ba tare da uba ba. Musulmi ba ya cika Musulmi sai ya yi imani da annabcinsa. Littattafan tarihin Musulunci sun ruwaito cewa lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa sarki Najjashi, wanda Kirista ne a lokacin, wani ɓangare na Suratu Maryam, sarkin kuma ya ba su mafaka.

Amma kamanni yana da iyaka, kuma ɓoye iyakar ba gaskiya ba ce. Kirista ya yi imani cewa Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu a kan gicciye ya tashi, kuma ta wurinsa ake samun ceto. Musulmi ya yi imani cewa Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, Allah bai haifa ba, ba a kuma gicciye Isa ba. Wannan saɓani ne na asali wanda hirar yini ɗaya a gindin bishiya ba za ta warware shi ba.

Abin da ke hannun Kirista shi ne ya faɗi nasa a fili, da bakinsa, a matsayin abin da shi ya gaskata, ya kuma saurari na abokin zamansa har ƙarshe. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3 aya 15, ta umarci mai bi ya kasance a shirye ya ba da amsa ga duk wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma ta gindaya sharaɗin tawali'u da girmamawa.

Akwai layin da duk mai hankali a wannan yanki ya san ba a tsallakawa: taɓa mutuncin Annabi Muhammad (SAW) ko Alƙur'ani, ko da da sunan wasa ko kwatance. Kirista zai iya ba da labarin Kirsimeti daga farko har ƙarshe ba tare da ya ambaci addinin kowa ba. Da zarar hira ta koma gasar wane ne ya fi, an bar maganar haihuwar Almasihu an shiga wata.

Gayyata, waƙa da wasan yara

A garuruwan da ke da majami'a, bikin kan fara tun daren 24 ga wata. 'Yan Katolika suna yin sujadar dare, majami'un bishara kuma suna cika da waƙoƙin Hausa, mata 'yan zumunta sanye da anko suna kaɗa tulu da ganga, yara suna wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, wani ya yafa zane ya zama makiyayi, wata ta rungumi 'yar tsana ta zama Maryamu.

Kiristan da ke ƙauyen da babu coci yakan hau mota ko babur ya tafi gari mafi kusa da ake taruwa, ko kuma ya tara iyalinsa a tsakar gida su yi karatu da addu'a. Ko a nan ma, maƙwabta suna ji, suna kuma lura da ko an rage murya lokacin kiran salla.

Gayyatar aboki Musulmi zuwa wurin biki abu ne da ake yi, musamman zuwa cin abincin rana bayan an taso daga sujada. Abin da ke sa gayyata ta yi kyau shi ne a gaya wa mutum gaskiyar abin da zai tarar: za a yi addu'a, za a yi waƙa, fasto zai yi magana. Wanda aka ce masa walima ce kawai, ya je ya tarar an shirya masa wa'azi, ba zai sake amsa gayyata ba, kuma zai ba wasu labari.

A Kaduna da ke Najeriya, birnin da ya sha fama da rikicin addini, akwai misalin da ya yi suna. Shekaru da dama ke nan Musulmi, ciki har da malamai, suna halartar bikin Kirsimeti a cocin Fasto Yohanna Buru da ke Sabon Tasha. Faston ma an san shi da halartar Mauludi da raba abinci ga mabuƙata a watan azumi. Masu zuwa cocin nasa suna shiga a matsayin Musulmi, suna fita a matsayin Musulmi, kuma sanin haka ne ya sa suke komawa kowace shekara.

Ba ko'ina ne ake da wannan sarari ba. A wasu ƙauyukan jihar Tilaberi da ke yammacin Nijar, hare-haren masu ɗauke da makamai sun tilasta wa Kirista da Musulmi da yawa barin gidajensu. A can ne aka sace limamin Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a ƙauyen Bomoanga a watan Satumban 2018, bai samu 'yanci ba sai a Oktoban 2020. Idan aka kwatanta, zaman lafiyar da ake da shi a ƙasar Matamaye dukiya ce da ya kamata kowane ɓangare ya riƙe da hannu biyu.

Kyautar da ke da ƙugiya

Yankin Kance, wanda Kurni ke cikinsa, yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonaki sun yi ƙanana, abin da aka noma ba ya kai wa wata kaka a gidaje da yawa. Wannan ne ya sa mata da yara daga yankin suka daɗe suna bin hanyar Sahara zuwa Aljeriya neman abin kai wa baka. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, kuma da yawansu 'yan wannan yanki ne.

A wurin da talauci ya kai haka, tiyar shinkafa ba ƙaramin abu ba ce, kuma duk wanda ya ba da ita yana da wani iko a kan wanda ya karɓa. Nan ne zargin da aka fi yi wa masu aikin bishara yake samun gindin zama, wato cewa suna sayen imanin talaka da abinci, magani ko kuɗin makaranta.

Hanyar kauce wa zargin a bayyane take. Kyauta ta tafi ita kaɗai, ba tare da sharaɗi ba, ba tare da an cusa takardar wa'azi a ƙarƙashin murfin kwano ba, ba kuma tare da an ɗauki hoton wanda aka ba an watsa a Facebook ba. Linjilar Matiyu sura 6 ma ta gargaɗi masu bi kan yin sadaka don idon mutane.

Asibitin Galmi ya fi shekara 70 yana karɓar marasa lafiya daga sassan Nijar da arewacin Najeriya, mafi yawansu Musulmi. Ƙungiyar agaji ta Katolika, CADEV, tana aiki a ƙauyukan da babu Kirista ko ɗaya. Mutuncin da irin waɗannan cibiyoyi ke da shi a idon jama'a ya dogara ne kan yadda mai buƙata ke samun taimako ko da wane addini yake bi.

Batun yara ya fi kowanne tsauri. Yara suna son alewa, balan-balan da waƙa, kuma za su bi duk inda ake raba su. Kiran ɗan maƙwabci cikin gida a koya masa waƙar coci ba da sanin iyayensa ba cin amana ne, ko da niyyar mai yin ta yi kyau. Kirista zai gane haka idan ya tambayi kansa yadda zai ji in aka yi wa nasa ɗan irin wannan.

Akwai kuma wanda tambayarsa ta wuce ta son sani, yana son ya bincika da gaske. A al'ummar da addini ya haɗe da aure, gado, gona da wurin binnewa, sauya addini kan iya raba mutum da danginsa. Wanda ke amsa masa tambaya yana da alhakin ya gaya masa gaskiyar wannan, ya rufa masa asiri, ya kuma bar shi ya yanke wa kansa shawara ba tare da matsi ba.

Ɓangaren mai karɓa

Su ma Musulmi suna da tambayarsu: ya halatta a ce wa Kirista barka da Kirsimeti, ko a ci abincin ranar?

Malamai sun saɓa. Magabata irin su Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim, da na baya irin su Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya, sun hana taya murnar bukukuwan addinin waɗanda ba Musulmi ba, suna ganin hakan tamkar amincewa ne da aƙidar da ke cikinsu. Cibiyar fatawa ta Masar da marigayi Shaihu Yusuf al-Ƙardawi kuwa sun halatta, suna kallonsa a matsayin kyautata wa maƙwabcin da ake zaune lafiya da shi.

Dukkan ra'ayoyin biyu suna da mabiya a Damagaram da Maraɗi da Kano. Sanin haka yana taimaka wa Kirista ya fahimci cewa abokin da bai ce masa barka ba, mai yiwuwa ba ƙiyayya ce ta hana shi ba. Sau da yawa shi ne zai fara zuwa idan aka yi rashin lafiya ko gobara.

A matakin shugabanni ma an yi ta ƙoƙarin shimfiɗa wannan fahimta. Cocin Katolika ya fitar da sanarwar Nostra Aetate a 1965, wadda ta yi magana kan Musulmi da girmamawa. A ranar 4 ga Fabrairun 2019 kuma Fafaroma Francis da Shaihun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi.

Waya da 'yan ƙasar waje

Yau wani babban ɓangare na Kirsimeti yana faruwa ne a cikin waya. Saƙon murya, waƙar coci da Hausa, hoton iyali cikin sabon ɗinki, duk suna yawo a WhatsApp daga Kwatano, Abidjan, Legas, Brussels ko New York zuwa ƙauyukan Damagaram.

Wanda ke zaune a ƙasar waje yana da 'yancin faɗin abin da ya ga dama, amma ɗan'uwansa da ke gida shi ne zai kwana da sakamakon. Bidiyon muhawarar da ake zagin wani addini, idan aka tura shi zauren 'yan unguwa ko na tsofaffin 'yan makaranta, zai iya rushe amincin da aka shekara 20 ana ginawa. Abin da ya faru a 2015 ya nuna yadda abin da aka zana a Paris ke iya ƙona gida a Damagaram.

Abin da ya fi amfani daga mai nisa shi ne abin da aka saba: ya turo kuɗi ta Nita ko Amana a sayi akuya, ya ce a tabbata an kai wa su wane da wane, ya kira tsohon maƙwabcinsa ya gaishe shi da sunansa.

Ƙaura ta kuma juya wa matasa Musulmi da yawa hoton. Ɗan Kurni ko Matamaye da ke aiki a Akara, Lome ko wani birnin Faransa, shi ne ɗan tsiraru a can. Shi ake kawo wa kwanon Kirsimeti, shi ke neman wurin da zai shimfiɗa darduma a wurin aiki, shi ke jin daɗi idan mai gidan haya ya ce masa barka da shan ruwa. Wanda ya ɗanɗana wannan, idan ya dawo gida, yakan kalli malamin makarantar nan Kirista da wani ido daban.

Bayan an wanke kwanoni

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A ƙauye babu abin da ke ɓoyuwa: an san ma'aikacin da ke zuwa aiki kan lokaci, an san ungozomar da ke tashi tsakar dare ba ta tambayi ko sisi ba, an san ɗan kasuwar da mudunsa ke cika, an kuma san wanda ba a taɓa ganinsa wurin jana'iza ko suna ba.

Kiristan da bai leƙa kowa ba tun watan Janairu, idan ya fito da kwano a ranar 25 ga Disamba, za a karɓa a yi godiya, amma za a yi ta tambayar abin da yake nema. Wanda kuwa aka saba gani a zaman makoki, ya taya gayya a gona, ya ba da aron babur aka kai mai naƙuda gidan likita, nasa kwanon ci gaba ne na abin da aka riga aka sani, kuma idan ya ce ga dalilin da ya sa yake murna a yau, za a tsaya a ji.

Mako guda bayan Kirsimeti shekara za ta ƙare, hutu ya wuce, malamin makaranta ya koma aji, ma'aikaciyar lafiya ta koma kan allurar rigakafi. Kwanonin da aka kai gidajen maƙwabta kuma za su dawo ɗaya bayan ɗaya, kuma bisa al'adar garin, da wuya a mayar da kwano haka nan: wani da 'yar gyaɗa a ciki, wani da ƙullin kuka, wani kuma sai ranar salla zai dawo da nama.